Tattabarun Clarrie Pengelly

Daga Ambrose Zammit, tsohon sakataren Ƙungiyar Masu Tseren Tattabaru ta Kudancin Broken Hill

Ranar Talata, 9 ga Janairu, 2024, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Clarence Pengelly, wanda kowa ya sani da Clarrie. Maƙwabciyarsa ce ta leƙa ta kan shinge ta gan shi zaune a kujerar ƙarfe a ƙofar ɗakin tattabarunsa, gwangwanin hatsi a cinyarsa, tsuntsaye sun sauko suna ci a ciki. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. Ya rasu yana da shekara tamanin da ɗaya, ya bar 'ya ɗaya, Noelene, ma'aikaciyar jinya a Darwin, da jikoki, da tattabarun tsere waɗanda ya roƙi ƙungiyar nan ta raba a tsakaninta idan ya mutu. Wannan kaɗai ya taɓa roƙon mu.

Ba zan iya yin ta'aziyyarsa ba sai na fara da maganar da na shafe fiye da shekara goma ina yi ana yi mini dariya. Ranar da kwamitin ƙungiya ya soke ɗan littafin lambobin mambobi, ya ce daga yau komai sai ta imel, na tashi a zauren taro na ce wata rana za mu nemi junanmu mu rasa. Ban so a ce a kan gawar Clarrie maganata za ta tabbata ba.

Waɗanda suka shigo ƙungiya daga baya ba su san littafin ba. Ɗan ƙarami ne mai koren bango, ana buga sabo kowace shekara kafin a fara tsere. A ciki akwai sunan kowa, da titinsa, da lambar wayarsa, da sunan matarsa, domin sau da yawa ita za ta ɗauka. Idan an yi rasuwa, sakatare zai kira mutum uku, kowannensu ya kira uku. Kafin ruwan shayi ya tafasa labari ya kai Port Pirie da Whyalla da Mildura, duk inda mutanenmu suka watsu bayan an rage aikin haƙar ma'adinai. Wanda bai ɗauki waya ba, a tura wani ya buga masa ƙofa.

Trent Marinovich, shugabanmu na yanzu, shi ya kawo shawarar sokewar, lokacin yana sabon shiga kwamiti. Ya ce za a yi adireshin imel guda ɗaya, ka aika masa saƙo ya isa ga kowa. Lambobin mutane kuwa za a kulle su a kwamfuta, sai mai kalmar sirri zai gani.

"Farfesa, duniya ta wuce nan," in ji shi. "Yanzu ba a barin lambar mutum a teburin kowa. Doka ce."

Na ce, "Wace dokar? Karanto mini sashen in ji."

Wani daga baya ya ce, "To fa, an taɓo shi. A kawo masa allo da alli."

Aka yi dariya, aka ɗaga hannu, na faɗi. Na karanci shari'a a Adelaide tun kafin a haifi Trent, ko da yake a ofishin awon ma'adinai na ƙare, kuma na san babu dokar da ta hana abokai su san lambar juna. A ranar na ajiye sakatarci, na ce kada a kuskura a saka sunana a jerin imel ɗin nasu. Har yau ba ya ciki, kuma har yau ina kan bakana.

Ba a yi wata shida ba jerin ya zama filin zagi. Wani ya rubuta cewa an taɓa agogon da ke auna lokacin dawowar tsuntsaye a tsere, wani ya mayar masa da maganar ubansa, kowace amsa tana faɗawa akwatin kowa har da na zawarawa da matan mutane. Sai kwamiti ya yanke cewa babu saƙon da zai fita sai mutum ɗaya ya karanta ya sake shi. Aka nemi mai yi, kowa ya sunkuyar da kai. Kai ne ka ɗaga hannu, Clarrie, kai da ba ka taɓa mallakar kwamfuta ba. Ka sayi tsohuwa a gwanjo, ka ajiye ta a kan teburin kicin kusa da kwalbar maganin tsuntsaye, kana danna ta da yatsa ɗaya mai kauri kamar kana tsoron kada ta fashe.

Na tambaye ka me ya kai ka. Ka ce, "Idan na bar musu, tsofaffin za su zube a hanya, babu mai waiwaya."

Haka kuwa ka riƙe mu. Duk saƙon da ka saki, sai ka buga shi a takarda, ka shiga a-kori-kurarka mai ƙarar nan, ka bi gidajen waɗanda ba su da imel. Stan Bartulovich idonsa ya tafi, don haka kai kake zama ka karanta masa, kuma na sha jin ka kana ƙara abin da ba a rubuta ba. Sai ka kai ƙarshe ka ce, "Shugaba ya ce a gaishe da Stan musamman." Stan ya san ƙarya kake yi. Yakan ce, "Yaron kirki ne," ku duka biyu ku yi murmushi.

Ni ma ba ka ƙyale ni ba. Ranar farko da ka zo da takarda na tare ka a ƙofa na ce ban aike ka ba.

Ka ce, "Wa ya ce kai na kawo wa, Farfesa? Kwandon shararka na kawo wa, na ga ya rame."

Ka wuce ni ka shiga ka ɗora tukunyar shayi da kanka. Tun daga ranar duk abin da na sani game da ƙungiyar da na yi wa hidima rabin rayuwata, daga hannunka na san shi.

Akwai mutane a ƙungiyar nan da har gobe suke gaisawa saboda kai, ba su ma sani ba. Idan saƙon fushi ya shigo, ba ka sakinsa kuma ba ka share shi. Sai ka ɗauki waya ka ce, "Aboki, saƙonka yana hannuna. Je ka ba tsuntsaye ruwa, ka ci abinci. Idan yamma ta yi har yanzu kana so duniya ta karanta, kira ni in saka." Kaɗan ne suka taɓa kira. Kuma ba ka taɓa gaya wa kowa abin da wani ya rubuta ba, ko ni da nake tsokanar ka in ji.

Lokacin da gwiwoyina suka gaza, na koma gidajen tsofaffi na bayan asibiti inda ko kanari ba a yarda a ajiye ba, kai ka zo da kwanduna ka kwashe 'yan tsuntsayen da suka rage mini ka haɗa da naka. Duk Lahadi kakan zo ka ɗauke ni in je in gan su. Ba ka taɓa kiransu naka ba. Sai ka ce, "Shuɗiyar nan taka ta fi ka hankali, ita ba ta gardama."

Wanda ba ya kiwo ba zai gane abin da ke cikin ɗakin nan ba. Tun kana saurayi kana fitowa daga ramin ma'adinai da baƙin ƙura a fuska ka fara haɗa jinin nan, daga wata mace da ka samo a Port Pirie da wani namiji na mahaifinka. Tsuntsaye ne da suka san zafin ƙasar nan, suka san shaho, suna ratsa fili mai nisan da babu ko digon ruwa su dawo gida. Kuma tsohon tsuntsun tsere ba ya canza gida. Ko ina ka kai shi, ranar da ka buɗe masa zai koma inda ya tashi. Ba shi da amfani ga kowa sai mai kiwon da zai rufe shi ya samu 'ya'ya daga gare shi. Shi ya sa kake maimaitawa a kowane taron ƙarshen shekara, kofi a hannu, cewa idan ka tafi kowa ya zo da kwando ya ɗauki biyu. Mukan ce, "Kai da za ka binne mu duka." Ka binne da yawa kuwa. Babu jana'izar ɗan ƙungiya da ba ka tsaya a bakin kabari da kwandonka ba, kana jiran a sauke akwati mu saki tsuntsaye gaba ɗaya kamar yadda muka gada.

Yanzu ga abin da ya faru, domin mambobi su ji shi daga bakin wanda yake wurin.

Noelene ta iso washegarin rasuwar. Ta ga lambata a manne a jikin firij ta kira ni. Na ba ta lambar Trent, wanda yake hutun bazara a bakin teku kamar rabin garin nan a watan Janairu, lokacin da zafi ya fi tsanani a ƙasar nan. Trent bai yi jinkiri ba, wannan kam zan yaba masa. Nan take ya rubuta saƙo a wayarsa, ya sa ranar jana'iza, ya sa roƙon Noelene cewa masu son tsuntsaye su zo kafin hutunta ya ƙare, ya aika wa jerin. Na kira shi na ce ya ba ni lambobin mutane in bi su ɗaya bayan ɗaya, tunda zaman banza nake yi.

Ya ce, "Ambrose, ka san ba zan iya ba. Ƙa'ida ce. Kuma ai na riga na aika, kowa ya samu."

"Ka tabbata?"

"Ga shi nan a wayata ina kallo, an rubuta ya tafi. Ka kwantar da hankalinka, tsoho."

Ba ni da hanyar sanin ko ya isa, tunda ba na cikin jerin, kuma mai kawo mini takarda yana kwance a ɗakin ajiye gawa. Na ɗauko koren littafin ƙarshe da aka buga na fara kira. Yawancin layukan an yanke su, mutane sun koma wayar hannu. Wasu lambobin baƙi ne suka ɗauka. Wata mata ta ce mini mijinta ya rasu tun bara waccan. Stan kaɗai na samu, shi ma don tasi na ɗauka na je gidansa.

Ranar jana'iza aka jera kujeru a maƙabarta ƙarƙashin rumfa, Noelene ta sa aka tanadi shayi da burodi na mutane masu yawa, domin ta taso tana ganin yadda ƙungiya ke cika wuri. Daga cikinmu mu uku ne muka zo: ni, da Stan a keken guragu, da Trent da ya tuƙo tun asuba da kwando a bayan mota. Fasto ya ja addu'a yana kallon ƙofar shiga. Da aka sauke akwatin, Trent ya buɗe kwandonsa tsuntsu ɗaya ya tashi. Ya yi kewaye ɗaya ya nufi kudu. Ban taɓa jin fiffiken tsuntsu ɗaya shi kaɗai a jana'iza ba sai ranar.

Stan ya juyo da kai ya ce, "Shi ke nan? Ina sauran?"

Trent ya matso kusa da ni ya ce mutanen yanzu ba su da kirki. Na sake tambayar sa ko saƙon ya fita. Ya ciro waya ya nuna mini.

Noelene ta jira. Kullum da safe nakan ɗauki tasi in je in taimaka mata da ruwa da hatsi, domin a zafin Janairu yini ɗaya ba ruwa ya isa ya kashe ɗaki guda. Duk motar da ta rage gudu a titin sai ta ɗaga labule. Trent ya ce zai ɗauki biyu idan ya gama hutu ya gyara wuri, ya sake aika tuni a jerin, ya koma bakin teku wurin iyalinsa. Na roƙi mai kula da gidajenmu ta bar ni in ajiye ko kwando ɗaya a bayan ɗakina, ta ce in karanta takardar da na sa wa hannu. Wata safiya Noelene ta zauna a kujerar ƙarfen nan ta ce mini:

"Kawu Ambrose, gaya mini gaskiya. Baba ya yi musu wani abu ne? Mutumin da ya ƙarar da man motarsa yana kai musu takarda, ko waya babu wanda ya yi mini?"

Na ce mata ubanta bai taɓa yi wa kowa komai ba sai alheri. Ta ce to ta gane irin mutanen da ya yi wa. Ban iya kare ku ba, ku mambobi, domin a lokacin ni ma haka na ɗauka.

Hutunta ya zo ƙarshe, asibiti na kiran ta, gida kuma za a sa shi kasuwa. Ta ga tallar wani mai sayen kaji da tsuntsaye a allon kantin hatsi, ta kira shi. Ya zo ranar Alhamis da rana, bayan na koma gida, ya ce zai samar musu wuri, ya loda su duka a akwatunan kaji ya tafi. Ba ta san bambancin mai kiwo da mai saye ba, kuma babu dalilin da zai sa ta sani. Aikinmu ne mu kasance a wurin.

Washegari da safe na je na tarar da ɗakin a buɗe. Noelene tana kicin tana haɗa kaya a kwali. Ta kunna kwamfutar don ta kwashe hotunan jikoki kafin ta ba da ita, sai na ji ta ce, "Kawu, zo ka ga wani abu." Shafin jerin ne ya buɗe da kansa, kamar yadda ka bar shi, Clarrie. A sama an rubuta cewa akwai saƙonni da ke jiran amincewar C. Pengelly. Na farko shi ne na Trent, mai sanar da mutuwarka. Na biyu tunin da ya aika game da tsuntsaye. A ƙarƙashinsu akwai na wani daga Whyalla yana tambaya ko Clarrie zai sayar masa da mace ɗaya bana.

Duk wanda ya taɓa aika saƙo a jerin nan ya san ana mayar masa da 'yar sanarwa cewa saƙonsa yana jiran mai tacewa. Trent ma an mayar masa, sau biyu. Amma shekara da shekaru kana sakin saƙo kafin mai shi ya ajiye waya, har mutane suka daina karanta sanarwar, suka manta cewa akwai mutum a tsakani. Kwamitin da ya ce littafi ya tsufa ya rataya ƙungiya gaba ɗaya a yatsan tsoho ɗaya, bai taɓa tunanin naɗa na biyu ba.

Noelene ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta ja kujerarka ta zauna, ta danna ta saki saƙon.

Ba a jima ba wayar gidan ta fara ƙara, ba ta tsaya ba har yamma. Maza masu shekara saba'in suna kuka a kunnenta. Wani ya ce yana gari duk kwanakin nan, titi huɗu kawai tsakaninsu, ya ɗauka Clarrie ya tafi Darwin hutu ne shi ya sa jerin ya yi shiru. Wani daga Port Pirie ya ce ya riga ya sa kwanduna a mota, yana tahowa. Ita ce ta riƙa gaya musu ɗaya bayan ɗaya cewa kada su taso. Trent ya kira ni ya ce, "Ambrose, ban san me zan ce ba." Na ce masa ni ma ban sani ba, na ajiye. An ce kwamiti zai zauna ya duba tsarin. Su zauna.

Noelene, na rubuta wannan ne musamman domin ki riƙe shi a rubuce: ba a ƙi mahaifinki ba, ba a kuma manta da shi ba. Mutanen da kika jira ba su ji ba ne. Da sun ji, da rumfar nan ba ta ɗauke su ba. Ina miƙa ta'aziyyata gare ki, da mijinki, da yaranki, da ƙanwarsa Merle da ke Kadina wadda rashin lafiya ya hana ta zuwa. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sanyaya muku zuciya, Ya sa ku ga alherinsa a kan 'ya'yanku. Ina yi wa Stan ta'aziyya, shi da yanzu babu mai karanta masa komai.

Kai kuma Clarrie, abokina, Allah Ya ji ƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya ba ka hutawa a wuri mai inuwa da ruwan sanyi. Yadda ka rufa wa mutane asiri a ranar fushinsu, Allah Ya rufa maka naka. Yadda ka bi gidajen waɗanda aka bari a baya, Allah Ya sa kada a bar ka a baya. Amin.

A ranar da Noelene ta saki saƙon, na karɓi lambar mai sayen tsuntsayen daga hannunta na kira shi. Na ce masa akwai masu kiwo da za su biya duk abin da ya ce, su zo har inda yake. Ya ce in yi haƙuri, shi ba ya ajiye kaya su kwana biyu a wannan zafin, tun da safe aka yanka su. Ya ce idan muna son zobban shaida na ƙafarsu zai iya aiko mana.

Daga jinin da Clarrie Pengelly ya yi shekara sittin yana haɗawa, babu tsuntsu ko ɗaya da ya rage.